An Binne Ni a Naif Ina Cewa Da Sauƙi

Wanda ya yi mini hanyar Dubai ya ce aikin ofis ne a filin jirgi. Ofishin da na tarar shi ne bayan wata motar ɗaukar kaya a kasuwar Naif, ni da katan-katan na takalma. Karatuna bai wuce rabin sakandare ba, Turancina kuma iyakarsa in karanta lambar kwali. A wani ɗaki a unguwar Al Buteen na fara kwana, gado kan gado, mutanen Agadas a ƙasa, 'yan Kumasi a sama, kowa da tukunyarsa a ƙarƙashin katifa. Ranar sallar farko da ta same ni a can, na sayi shinkafar Indiyawa na zauna bakin ruwa ina ci ina kallon jiragen katako, yaji na sa ni hawaye, ni kuma na bar shi a kan yajin ne.

Daga dako na koma kago. Ga wanda bai san sana'ar ba: 'yan kasuwa su zo daga Kano, su shiga lungunan Naif su sayi jaka da abaya da takalma da turare, su jibge a shagona, su hau jirgi su tafi. Ni zan ɗaure, in rubuta suna, in kai sito a unguwar Al Quoz, in loda a kwantena, in bi shi da waya har ya sauka a Kwari. Ba na sayar da komai. Abin da nake da shi kawai shi ne mutum ya bar mini dukiyarsa ya tafi ya yi barci. Shekaru na kwashe ina gina wannan, har aka daina ce mini Garba, sai Garba Kago. Da lasisin shagon nan na yi wa kaina biza, na ɗauko matata Rabi da 'yarmu Ummi. Shagon ne rufin da ke kanmu duka. In ya faɗi, sai Kano.

Daga baya Rabi ta matsa mini a kan ƙaninta Nasiru, wai ya gama digiri yana zaman kashe wando a Kurna. Na kawo shi. Na nuna masa kowane lungu, na haɗa shi da kowace Hajiya, na koya masa yadda ake ɗaure kwalin turare kada ya fashe. Yaro mai ladabi, ba ya zama in ina tsaye. Yaya kaza, Yaya kaza.

Zango na gaba asibiti ne. Ciki ya dame ni, na sha kanwa, na sha saiwa, na sha duk abin da Hajiyoyi suka kawo mini a jaka. Da na fara ganin jini sai na je. Likitar, wata Ba'indiya mai furfura, ta juyo da na'urarta ta nuna mini wani abu kamar ƙullin goro a hanjina. Ciwon daji.

Tun a cikin lif na yanke shawarar babu wanda zai ji. Kada wani ya ce mini wauta ce. A ƙasar nan in mutum ya mutu, hukuma kulle shagonsa take yi da asusunsa har a gama rabon gado. Duk Naif an san wani bawan Allah ɗan Zinder da ya faɗi ya rasu, kayan mutane suka zauna a sitonsa har yayinsu ya wuce. Wace Hajiya ce za ta bar wa mai ciwon daji kwantenarta? Na tara Rabi da Nasiru na ce, "Duk wanda ya tambaya, olsa ce. Olsa kawai." Nasiru ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya, ko da wuƙa a wuyana." Na miƙa masa makullin shago.

Aka yanka ni, aka yanke abin da za a yanke, aka shiga ƙarin ruwan nan da suke kira kemo. Ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda ya sha ya sani. Gemuna ya zube a kan matashi. Ruwan sanyi in na taɓa sai in ji kamar allura. Ƙanshin girkin Rabi, wanda na yi shekaru ina mafarkinsa ina gwauro a Al Buteen, shi ya koma sa ni amai.

Mai kai ni asibiti ba ɗan'uwa ba ne, ba ma Musulmi ba ne. Yohanna sunansa, mutumin Kagoro, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Al Quoz. Ya zo gyara a sitonmu ya ga ina jingine da bango, ya ce, "Maigida, wannan ba olsa ba ce. Na yi jinyar mamata, na san kalar nan." Daga ranar, duk ranar kemo sai in ji hon ɗin tsohuwar motarsa a ƙasan bene. Ya ajiye bokiti a gefen kujerata. In na yi amai sai ya ce, "Yalla, maza fitar da shi, ai ba haya yake biya ba."

A watannin nan waya ba ta huta ba. Abokan ciniki suka yi ta kira daga Kano, har waɗanda ban zata ba. Babbarsu Hajiya Talatu mai jakunkuna, wadda ita ta fara ba ni amanar kaya tun ina dako. Sai ta kira da wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Garba, ya jiki?" In ce, "Da sauƙi, Hajiya, alhamdulillahi." Sai ta ce, "Allah sarki. Allah sarki, Garba." Na ce a raina, kai, mutanen nan suna ƙaunata, olsa kawai amma ji yadda suka damu.

Ciniki kuwa sai ja da baya yake. In na tambayi Nasiru, ya ce, "Yaya, naira ce ta faɗi, mutane sun daina zuwa. Kai dai ka ji da jikinka."

Allah ya yi ban mutu ba. Wata safiya likitar ta duba hoto, ta sake dubawa, ta cire tabarau ta ce babu komai, khalas, an gama, amma in riƙa zuwa ana dubawa lokaci-lokaci, don abin yakan yi laɓe. Na koma Naif da ƙafata, gemu ya fara tsirowa. Na tarar da shago kamar masallaci bayan sallar isha. Ina zaune daga safe har yamma, ba kwali ko ɗaya. Lasisi kuma ya kusa ƙarewa. In bai sabuntu ba babu biza, in babu biza babu likitar nan.

Ana cikin haka, lokacin sanyi ya shigo, wata nas 'yar Filifin da ta saba nemo mini jijiya ta kira. Wai asibiti na gayyatar waɗanda suka warke zuwa kallon wasan besbol, kowa ya zo da iyalinsa da duk wanda ya yi jinyarsa. Na ce mene ne besbol? Ummi ta yi tsalle ta ce, "Baba, don Allah! Tun da ka kwanta ba mu je ko'ina ba." Na tambayi inda filin yake, aka ce can bayan gari, cikin rairayi. Na lissafa a raina, babu Bakanon da zai bar Naif ya tafi daji kallon wasan Amurkawa. Na ce to. Na ce da Yohanna za mu. Rabi ta ce, "Nasiru fa? Shi ya riƙe maka shago." Na ce shi ma ya zo.

Sun aiko mini da wata riga mai ruwan ɗorawa da rubutu a ƙirji. Na ce Ummi ta karanta mini. Ta ce, "Wanda ya tsira." Na cusa ta a leda. Sai da muka wuce Al Quoz, gine-gine suka ƙare, sannan na ɗora ta a kan jallabiyata.

Bayan la'asar muka shiga. Ciyawa kore shar a tsakiyar hamada, kamar an shimfiɗa darduma. 'Yan Filifin da ganguna, Turawa da jajayen wuya, 'yan Pakistan da suka zo suna zaton wasansu na kurket ne suna ta gardama da junansu. Wasan kuwa, wani ya hau ɗan tudu yana jifa, wani ya tsaya da kulki yana jira, wani ya tsuguna a bayansa da ƙarfe a fuska kamar mai walda. A yi jifa, a tsaya. A tofa yawu, a gyara hula, a sake jifa.

Yohanna ya ce, "Maigida, wannan ai korar tsuntsu ce a gonar gero, aka sa mata fitila."

Rabi ta yi dariya har da rufe baki da mayafi. Rabon da in ji dariyarta tun kafin a yanka ni. Nasiru ya tafi ya dawo da gugguru da lemo, ya durƙusa ya miƙo mini nawa da hannu biyu. Na ci. Ya zauna a cikina lafiya. Iska mai sanyi na kaɗawa, 'yata a dama, matata a hagu. Na ce a raina, Garba, ko shago ya mutu, ka ga yau.

Can sai wani ɗan wasa ya zabura da gudu ba tare da an doki ƙwallo ba, ya zube da ciki a kan wani farin matashi, fili ya kaure da ihu.

Na ce, "Shi kuma wannan me ya kore shi?"

Ummi ta ce, "Sata ya yi, Baba. Ya saci wuri. In mai jifa ya juya baya, an yarda ka gudu ka kama na gaba."

"An yarda?"

"In dai ba a kama ka ba."

Yohanna ya ce, "Ashe 'yan Najeriya ne suka ƙirƙiro shi."

Wajen magariba aka tsayar da wasa. Wata murya ta yi dogon Turanci a lasifika, sai na ga masu riga irin tawa suna miƙewa nan da can. Ummi ta ce, "Baba, ku ake kira, tashi." Na ce ba inda zan tashi. Wata tsohuwa 'yar Filifin a layin gabanmu, ita ma da rigar, kanta ɗaure da ɗankwali, ta juyo ta dube ni ta ɗaga mini gira, ta ce, "Yalla, baba, tashi." Ita da ƙyar take tsayuwa, jikarta na riƙe da ita. Kunya ta kama ni. Na miƙe.

Sai ga fuskata a ƙaton allon filin, girmanta ya kai gida. Hulata, sabon gemuna, rubutun ƙirjina. Dubban mutanen da ba su san sunana ba suka tashi suna tafi. Ba zan ɓoye ba, na yi kuka, kuma wannan karon babu yajin da zan ɗora wa. Wata da watanni ina ɓoye abin nan kamar na yi sata, yau ga shi ana tafa mini a kansa.

Ina zama na ji Nasiru yana cewa, "Ummi, me kika yi? Goge! Goge shi yanzu!"

Ashe ta ɗauki hoton allon ta ɗora a waya inda duk mai lambarta zai gani, ta rubuta, "Babana ya warke daga ciwon daji, alhamdulillahi." Ita ba ta ga abin ɓoyewa ba tunda an warke. Kuma rabin Hajiyoyin Kwari suna da lambarta, don ita ke tura musu hotunan kaya. Na dubi Nasiru, gumi na keto masa cikin sanyin nan, har na ji daɗi a raina, na ce yaron nan ya fi ni kishin asirina.

Kafin ta goge, wayata ta yi ƙara. Hajiya Talatu.

"Garba? Garba, kai ne?"

"Ni ne, Hajiya. Ina wuni? Ya Kano?"

"Wace Kano? Ina Naif tun makon jiya."

"Kina Naif, Hajiya, ba ki neme ni ba?"

"Yo ina zan neme ka, an ce ko zama ba ka iya yi? Yanzu na ga abin da Ummi ta ɗora. Ga ka nan tsaye ƙato, har da kumatu! La'ilaha illallahu. Ba Nasiru ya ce mana daji ne ya cinye ka ba, likita ta sallame ka, ba za ka ga azumi ba?"

Na toshe ɗaya kunnen saboda ganguna. Na ce, "Hajiya, sau nawa kina kirana? Me nake ce miki?"

"Ka ce da sauƙi."

"To?"

"To me, Garba? Mahaifina ana gobe zai rasu na ce Baba ya jiki, ya ce da sauƙi. Wa ka taɓa ji ya ce babu sauƙi? Nasiru ya ce kada mu nuna maka mun sani, ranka zai ɓaci, mu dai riƙa kira muna gaishe ka. Wallahi duk ranar da ka ce mini da sauƙi, ina ajiye waya kuka nake. Har abinci na dafa na raba sadaka da sunanka."

"Kayanki fa? Wa ke ɗaure miki?"

"Suna sabon sitonsa na Al Quoz. Duk can muke kaiwa, ni da su Hajiya Binta da mutanen Wambai. Ya ce kai ka ce a yi haka, don kada a kulle mana kaya in ta Allah ta kasance."

Ban san lokacin da na kashe wayar ba. Na zauna ina tuna kiran nan ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba gaisuwa ake yi mini ba, ban kwana ake yi. Kuma ni da bakina nake sa hannu. Yaron ya san mu sarai. Ya san babu Bahaushen da za a ce wa ya jiki ya ba da wata amsa, ko yana kan gargara, ko ya warke sumul. Bai buƙaci ya hana kowa kirana ba. Shi ya ma ce su kira.

Na juya na ce, "Nasiru, yaushe ka buɗe sito?"

Ya ce, "Yaya, ba a nan ba. Mutane na kallo."

"Mutane sun gama kallona, a allo. Yaushe na mutu, Nasiru? Gaya mini ranar, in san kwanana nawa a kabari."

Yohanna ya dafa kafaɗata ya ce, "Maigida, shwayya-shwayya, bi a hankali, ɗinkinka." Ummi ta ƙanƙame waya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Nasiru ya sunkuyar da kai yana murza kwalin gugguru. Sannan ya ce, a hankali, da ladabin nan nasa, "Ka tambayi Yaya Rabi."

Na juya hagu. Ba ta kau da kai ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ta ce, "Ni na ce ya yi, Baban Ummi."

A daidai lokacin wani ya doki ƙwallo ta tashi sama ta fice daga filin, kowa ya miƙe yana ihu, aka kunna kiɗa. Mu biyar kaɗai ne a zaune.

Ta matso don in ji ta. Ta ce, "Ranar da aka fito da kai daga tiyata ban gane ka ba. Ina wanke maka jiki ina ƙirga haƙarƙarinka. Kai kana ce mini da sauƙi, ni ina ganin abin da nake gani. Na ce in ka tafi aka kulle shago, ni da yarinyar nan ina za mu? Kayan mutane su maƙale, a tsine wa sunanka a Kwari? Na ce ya janye su tun da wuri."

"Da na warke fa? Watanni nawa ina zuwa Naif ina kallon bango? Kina zuba mini abinci, kina ce mini Allah ya kawo kasuwa."

Wannan tambayar har yau babu wanda ya amsa mini ita tsakanin Rabi da Nasiru.

Ba mu ga ƙarshen wasan ba, ban san wa ya ci ba. A mota Ummi ta yi ta sheshsheƙa tana cewa laifinta ne. Na ce, "Ke kaɗai ce kika faɗi gaskiya a gidan nan. Kada ki goge."

Washegari na sa rigar nan mai ruwan ɗorawa na shiga Naif da ita da rana tsaka. Na bi otal-otal na Al Buteen inda mutanenmu ke sauka, na bi shago-shago. Duk wanda na gani sai in ce, "Ba olsa ba ce, ciwon daji ne, an yanke, na warke, ga ni." Wasu suka rungume ni. Wani ɗan Maraɗi ya ja da baya yana salati kamar ya ga fatalwa. Hajiya Talatu ta yi kuka ta cika mini leda da dabino. Da na ce to kaya fa, sai ta gyara mayafi ta ce, "Garba, na wannan zuwan an riga an loda. Kuma ka san yaron yana da na'urar nan da ke nuna maka inda kwantena take a teku." Wata kuma ta faɗi abin da sauran suka haɗiye, ta ce, "An ce fa ciwon nan yana dawowa."

Kaɗan suka dawo, ba su isa riƙe shago ba. Lasisi ya ƙare. Na ce wa Rabi ta haɗa kaya mu koma Kano, gara in mutu a Fagge da in roƙi ƙaninta. Ta bar ni na gama faɗa, sannan ta ce, "Likitarka tana Kano ne?" Na ce ba ruwanta. Ta ce, "Ka tsane ni in kana so, Baban Ummi. Amma da ka mutu, da yau ana yabona, ana cewa Rabi ta yi hangen nesa."

Yanzu a Al Quoz nake. Bizata da ta Rabi da ta Ummi duk a ƙarƙashin kamfanin Nasiru suke, shi ya kawo maganar da kansa, ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka rufa mini asiri ka karɓa." Na karɓa, don wata mai zuwa ma akwai hoton da likita za ta ɗauka. Ina ɗaure kwalayen Hajiya Talatu kamar da, ina rubuta sunanta da hannuna, sai dai tambarin da nake mannawa a kai ba nawa ba ne. Da azahar Yohanna yakan leƙo mu sha shayi a bakin kwantena, ba ya shiga ciki, ya ce sanyin ofishin ba ya yi masa.

Nasiru har gobe ba ya zama in ina tsaye. Ina shiga ofis zai zabura ya miƙe ya ce, "Yaya, bismillah, zauna." Kujerar tawa ce, daga shagona na Naif ya sa aka ɗauko ta. Ban taɓa zama ba.